Aksolotil ko ɓeran Masar: wanne zai jure zaman gida a Yamai?

Tun da aka saka aksolotil cikin wasan Minecraft a 2021, bidiyoyinsa kuma suka bazu a TikTok, yaran da ke taɓa waya suka san shi: wata ƴar dabbar ruwa mai launin hoda, da baki kamar tana murmushi. Sai yaro ya sa rigima a nemo masa. Uba ko uwa kuwa hankalinsu na kan ɓeran Masar, wanda aka saba gani a gidaje, ba ya wuyar samu, kuma ciyawa ce cimarsa. In kana cikin wannan tsaka mai wuya, ga yadda nake auna su.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, dukansu biyu ƴan tuddai masu sanyi ne na nahiyar Amurka. Aksolotil daga tafkunan birnin Meziko yake, inda ƙasa ta haura mita 2,200 sama da teku. Ɓeran Masar kuwa mutanen tsaunukan Andes, wajen Peru da Bolibiya, su suka fara kiwonsa shekaru dubbai da suka wuce. Babu ɗayansu da bazarar Yamai ta dace da jikinsa. Saboda haka ainihin tambayar ita ce: wanne za ka iya kārewa daga zafi da abin da ke hannunka, ranar da aka ɗauke wuta?

Ma'aunan da zan bi

Na farko zafi, kuma shi ya fi duk sauran nauyi. A Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai yakan wuce digiri 40, daren ma ba ya hucewa sosai. Ko a Disamba da Janairu, da dare ne kawai yake sauka wajen digiri 16 ko 17, da azahar ya koma sama da 30. Na biyu dogaro da wutar lantarki. Sai kuɗi, na ranar saye da na kowane wata. Sai tsawon rai, ɗawainiyar yau da kullum, abin da yaro zai ƙaru da shi, da haɗarin da ke tattare da kowanne.

Aksolotil

Ba kifi ba ne, ba kuma ƙadangare ba. Dangin kwaɗo ne, daga reshen masu wutsiya. Ƴan'uwansa in sun girma sukan bar ruwa su hau tudu, shi kuwa yakan balaga har ya hayayyafa yana nan da siffar ƙuruciya, da rassan numfashi uku-uku masu gashi a kowane gefen kansa. Babba yakan kai santimita 23 zuwa 30. In ƙafarsa ta guntule wata takan tsiro cikakkiya, da ƙashi da jijiya, har wani ɓangare na lakarsa da zuciyarsa yana iya gyarawa. Wannan ne ya sa masana suka riƙe shi tun da aka kai wasu masu rai birnin Faris a 1864. A gidansa na asali, magudanan ruwa na Xochimilco a birnin Meziko, ya kusa ƙarewa. Ƙidayar masanan jami'ar UNAM ta Meziko ta nuna kimanin 6,000 a kowace murabba'in kilomita a 1998, zuwa 2014 ba su kai 40 ba. Gurɓatar ruwa ta taimaka, sannan karfasa, irin wadda muke saya a bakin kogi, da aka zuba a can don kiwo, ta dinga cinye ƙwansa da ƴaƴansa. Waɗanda ake sayarwa duk haihuwar akwatin gilashi ne.

Zafi. Ruwan da yake so digiri 16 zuwa 18 ne. Yakan lallaɓa har 20. Daga 24 zuwa sama, in aka ɗauki kwanaki, sai ya daina cin abinci, wani farin abu kamar auduga ya fito masa a rassan numfashi, ya riƙa tasowa saman ruwa, daga nan sai mutuwa. Dalilin a fili yake: ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, ga shi kuma zafi na hanzarta jikinsa ya ƙara buƙatarta. Yanzu ka tuna yadda ruwan famfo ke fitowa da azahar a watan Afrilu, wanda ko alwala sai an bari ya huce. Fanka da aka saita a saman ruwa takan rage digiri biyu zuwa huɗu, wanda ya isa a Faransa amma bai isa a nan ba. Jefa goran ƙanƙara kuma yana sa ruwan ya yi ta hawa da sauka, shi ma wahala ce gare shi. Abin da ke aiki shi ne injin sanyaya ruwan akwatin kifi, kuma injin yana fitar da zafin ne cikin ɗakin, saboda haka a bazara ɗakin ma yana son kilim.

Wuta. A nan maganar take tsinkewa ga yawancin gidaje. Akwati mai lita 100 da ke digiri 18, a ɗakin da ya kai 38, a lissafi yana iya haura 24 cikin awa uku ko huɗu in komai ya tsaya. Kowa a Yamai ya san lokacin da aka fi ɗauke wuta shi ne lokacin da aka fi buƙatarta. Nijar ta daɗe tana sayen kaso mafi girma na wutarta daga Nijeriya, kuma mun ga abin da ya faru da aka yanke layin a Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024. Tashar Gorou Banda da gonar hasken rana mai megawat 30 da ke kusa da ita sun rage zafin abin, amma wanda zai riƙe aksolotil dole ya mallaki sola da batura masu ɗaukar inji dare da rana, ko janareto da wanda zai tayar da shi ko maigida ba ya nan. Matatar ruwan ma in ta tsaya awoyi da yawa, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cikinta sukan fara mutuwa.

Kuɗi. Dabbar kanta ita ce mafi araha a lissafin. A Turai euro ƴan gomomi ne. Injin sanyaya ruwa mai kyau kuwa yakan kai euro 300 ko fiye, wajen jikka 200 na sefa, ban da kuɗin jirgi da na duwan. Ƙara akwatin gilashi mai lita 80 zuwa 110 don guda ɗaya, matata mai tura ruwa a hankali, ma'aunin zafi, kayan gwajin ruwa, da maganin kashe kulorin. Sai takardar wuta ta kowane wata, wadda ba za ta ragu ba sai cikin hunturu. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Samunsa ma aiki ne. Ba dabbar da za ka shiga Babbar Kasuwa ka ɗauko ba ce. Yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, wato ba a tsallaka iyaka da shi sai da takardar izini. In wani ya ce zai sako maka shi cikin jaka a ɓoye, ka san doka za a karya, kuma da wuya ya iso da rai bayan ya sha zafin filin jirgi.

Tsawon rai da ɗawainiya. In an kula da shi yakan yi shekara 10 zuwa 15. Yaron da ke aji uku na firamare zai iya gama sakandare dabbar na nan, wato bazara goma ko fiye da ba a yarda inji ya kwana a kashe ba. Aikin kullum ba shi da yawa amma ba ya son kuskure. Kafin a saka shi, sai akwatin ya yi mako huɗu zuwa shida matata na aiki, don bakteriyar da ke sarrafa gubar amoniya ta kashinsa ta kafu. Kowane mako a canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwan, da ruwan da aka cire wa kulorin aka kuma sanyaya tukuna. Ba a zuba tsakuwa a ƙasa, don zuƙar abinci yake yi, zai haɗiye ta ta toshe masa ciki. Ba a haɗa shi da kifi, su tsattsage masa rassan numfashi ko shi ya haɗiye su. Babba yana cin abinci sau biyu ko uku a mako, kuma tana ce ta fi masa. Da damina tana ba ta wuya, da rani kuwa sai ka nemi masu lambu na bakin kogi, ka kuma tabbatar ba daga fangalin da aka yi wa feshin magani aka tono ta ba.

Abin da yaro zai samu. Kallo kawai. Fatarsa laushi gare ta, ba a ɗaukarsa a hannu. Ba ya son haske, yakan wuni a ɓoye cikin bututu ko ƙarƙashin kasko. Bidiyon da yaro ya gani daƙiƙa goma sha biyar ne da aka zaɓo daga wuni guda na kwanciya. Ga babban mutum mai son ilimin halittu wannan kallon kansa abin sha'awa ne, amma ɗan shekara bakwai zai gaji kafin mako ya zagayo.

Ɓeran Masar

Babba yakan yi gram 700 zuwa kilo ɗaya da ɗoriya, ba shi da wutsiya, ba ya hawa bango, ba ya tsalle mai nisa, kuma da wuya ya yi cizo. A Peru nama ne na biki, a Kamaru da gabashin Kwango ma ana kiwonsa don tukunya. Wanda ke da wannan niyya ya fara tambayar malaminsa hukuncin cinsa. Ni a nan maganar dabbar gida nake yi.

Zafi. Kada a ruɗe ka da cewa tun da ana kiwonsa a unguwa to ya saba. Yana jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, kuma daga wajen 28 zuwa 30 haɗari ya fara, domin ba ya gumi. Alamar ta bayyana ce: ya miƙe a ƙasa, numfashi sama-sama, miyau na zuba, an kawo ganye bai ɗago kai ba. Keji a ƙarƙashin rumfar kwano da azahar kabari ne. Bambancinsa da aksolotil shi ne ana iya taimaka masa da dabarun da kakanninmu suka san su. A sa shi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, in da hali na ƙasa mai kaurin bango, a kan daɓen siminti da aka yayyafa wa ruwa. A kifa tsohuwar randa da aka fasa wa gefe, a jiƙa bayanta, zai shige ciki da kansa. A rataya jiƙaƙƙen buhu ta inda iska ke shigowa. Goran ruwa biyu da suka daskare a firigo, a naɗe su da tsumma, zai kwanta a jikinsu, kuma ko babu wuta ƙanƙarar leda ba ta yankewa a unguwa. In ya riga ya faɗi, a shafa masa ruwa mai ɗan sanyi a kunnuwa da ƙafafu, ba ruwan ƙanƙara ba.

Wani abu da masu kiwo ba su cika lura da shi ba: jiƙaƙƙen buhu da randa suna aiki sosai a Maris da Afrilu saboda iska a bushe take. Daga tsakiyar Mayu zuwa faɗuwar damina, lokacin da iska ta yi nauyi da laima ga zafi bai tafi ba, ruwa ba ya saurin bushewa, sanyin da dabarar ke bayarwa sai ya ragu. Makonnin nan suna da haɗari sosai gare su, a nan ne ƙanƙara da fanka suka zama dole. Da hunturu kuma a kare su daga ƙura da iskar asuba, don ƙirjinsu ba shi da ƙarfi.

Kuɗi. Biyu ba su kai kuɗin ɗan akuya ba. Katako da ragar ƙarfe suna nan a kasuwar Katako, kafinta zai haɗa maka gida a wuni ɗaya. Biyu na son fili wajen murabba'in mita ɗaya, ƙasan kuma ya zama shafaffe da shimfiɗar busasshiyar ciyawa. Ragar ƙarfe a ƙasa takan yi musu gyambo a tafin ƙafa, a bar ta a gefe da sama don kyanwa da shaho da gafiya.

Abinci. Nan ne ya kamata a tsaya a fahimta. Haƙoransa ba sa daina tsiro, ciyawa ce ke goge su, saboda haka kada ta yanke a gabansa dare da rana. Burgu da ake yankowa daga kogi ana sayar wa masu tumaki ya yi, haka ciyawar damina da aka busar da kyau ba ta yi funfuna ba. Harawar wake ko ta gyaɗa tana da kyau ga masu ciki da ƙanana, amma ga manya a riƙa ba su kaɗan, don yawan sinadarin kalsiyam da ke cikinta na iya haifar da tsakuwar mafitsara. Sannan kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya haɗa bitamin C da kansa, sai ya ci. Wanda ke ba shi dusa da busasshiyar ciyawa kaɗai, cikin ƴan makonni zai ga gashi ya tashi, gaɓoɓi sun kumbura, yana jan ƙafa. Maganin yana cikin kwandon cefane: yankin koren tattasai marar yaji kowace rana, ganyen salati, ɗan karas, kokwamba, wani lokaci gwaiba. Ban da albasa, tafarnuwa, da ɓawo ko ganyen dankalin Turawa. Bayan kwana kaɗan da sabo, da ya ji ƙarar ledar cefane zai kama fito mai tsini yana kai da komo a bakin raga, har maƙwabta su san uwargida ta dawo daga kasuwa.

Tsawon rai da ɗawainiya. Shekara 5 zuwa 7. Kullum a ba shi ganye da ruwa mai tsabta a kwashe inda ya jiƙe, a sauya shimfiɗa duka sau ɗaya ko biyu a mako, in ba haka ba wari da ƙuda za su hana tsakar gida zaunuwa. Kashin taki ne mai kyau ga shuka. Dabbar garke ce, guda ɗaya takan yi kaɗaici, har ƙasar Suwizalan ta haramta ajiye shi shi kaɗai. Mata biyu sun fi sauƙi. In ka haɗa mace da namiji ka shirya: ciki kwana 59 zuwa 72 ne, takan haifi biyu zuwa huɗu da gashinsu da idonsu a buɗe, kuma tana iya sake ɗaukar ciki awoyi kaɗan bayan haihuwa. Ƴaƴa maza a raba su da uwa a mako na uku. Macen da ta wuce wata shida ko bakwai ba ta taɓa haihuwa ba, ƙashin ƙugunta yakan ƙage, haihuwar fari a lokacin na iya kashe ta.

Haɗari. Babban kuskuren da ake yi shi ne a ga ba shi da lafiya a ɓare kafso ɗin amoxicillin na mai tallan magani a zuba masa a ruwa. Duk maganin dangin penisilin yana kashe bakteriyar hanjinsa, zawo ya biyo baya, ya mutu cikin kwanaki. A kai shi wajen likitan dabbobi, a kuma tuna masa ɓeran Masar ne, don likitocinmu sun fi sabawa da shanu da tumaki da kaji. Ga yara kuma, yana iya ɗauke da makero, kuma shi da aksolotil duka suna iya ɗauke da ƙwayar salmonela, saboda haka wanke hannu da sabulu bayan taɓa dabba ko ruwanta dole ne. A rufe abincinsa daga ɓerayen gida. Kada kuma yaro ya kamo ɓeran daji ya ce zai haɗa su: wani ɓeran daji na yankinmu shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa.

Ga su gefe da gefe

| Ma'auni | Aksolotil | Ɓeran Masar |
|---|---|---|
| Zafin da yake so | ruwa mai digiri 16 zuwa 18 | iska mai digiri 18 zuwa 24 |
| Inda haɗari ke farawa | digiri 24 | digiri 28 zuwa 30 |
| In an ɗauke wuta | awoyi kaɗan ya rage masa a bazara | randa, buhu da ƙanƙara na ceto |
| Kuɗin farko | jikka ɗaruruwa | jikka kaɗan, da kuɗin kafinta |
| Kuɗin wata | wuta, maganin ruwa, tana | ciyawa da ganye |
| Samuwa | shigowa daga waje da izini | wajen masu kiwo a gari |
| Tsawon rai | shekara 10 zuwa 15 | shekara 5 zuwa 7 |
| Aiki | kaɗan, amma na ƙa'ida | kullum, amma mai sauƙi |
| Ɗauka a hannu | a'a | e, a hankali |
| Yawa | guda ɗaya ya isa | aƙalla biyu |

Akwai mai cewa to a sayi hamsta, wani dangin ɓera da ake ajiyewa a gida, tun da ya fi ƙanƙanta. Hamstan Siriya shekara 2 zuwa 3 yake yi, ba ya zama da ɗan'uwansa sai faɗa, da dare yake harkarsa, in yaro ya tashe shi da rana ya gartsa masa cizo, kuma gwanin tserewa ne. Zafi shi ma yana kayar da shi. Ban ga inda ya fi ba.

Wa ya dace da wanne

In don yaro ne ɗan ƙasa da shekara goma sha biyu, ɓeran Masar, mata biyu, kuma babba a gidan ya san shi ne mai kiwon na gaskiya. Yaro zai iya kawo ganye da canza ruwa, amma duba su da azahar a watan Mayu ba aikin da za a bar masa ba ne.

In gidan haya ne mai rufin kwano, ɗaki ɗaya ko biyu, babu inuwar bishiya babu firigo, to ko ɓeran Masar ɗin ma a haƙura. Tantabaru sun fi dacewa da irin wannan gida. Haka wanda ke kulle gida ya tafi ƙauye hutun makaranta ko Sallah: ɓeran Masar ana iya kai shi gidan ƴar'uwa cikin kwali mai huji, akwatin aksolotil kuwa ba ya motsi, sai an bar wani da makulli da sanin injin.

In abin da ke burge yaron dabbar ruwa ce cikin gilashi, akwai ƙananan kifayen ado na ƙasashe masu zafi da ke jin daɗin ruwa mai digiri 24 zuwa 28. Su ma a bazara sai an kula, amma fanka da ɗaki mai inuwa kan isa.

Aksolotil na babban mutum ne da ya taɓa riƙe akwatin kifi shekara guda ba asara, yana da ɗaki mai kilim da sola mai batura, ya kuma yarda ya bi hanyar takardu. Shi ma ya fara sayen injin da akwatin, ya cika shi da ruwa babu dabba, ya sa ma'aunin zafi ya riƙa rubuta abin da ya nuna safe da azahar tun daga Maris har ruwan farko ya sauka. In ko sau ɗaya bai wuce digiri 20 ba, sai ya nemi dabbar.

Mai sayen ɓeran Masar kuma ya jira Nuwamba, don su saba da gidan watanni huɗu kafin zafi ya shigo. Wajen saye a duba ido ya zama garau, hanci a bushe, gashi ba faci-faci, gindi ba alamar zawo. A sa mai sayarwa ya juya kowanne ya nuna maka mace ce, a kuma tambaya ko an taɓa haɗa ta da namiji, don ƴar wata biyu ma tana iya zuwa gidanka da ciki.